Kurkukun da Aka Cire wa Duhu: Sharhi a Kan Hotunan Kewaye na Tsohon Gidan Yarin Filadelfiya

Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma mu da ke aikin adana tarihi mun daɗe muna karɓar hoto a matsayin shaidar da ba a jayayya da ita. Sai dai hoto na yau ya bambanta da wanda muka sani a da. Akwai wani nau'i da ya yaɗu tun wajen shekarar 2005, wanda ke haɗa dabaru biyu wuri guda. Ta farko ita ce daidaita haske da duhu, wadda masu sana'ar ke kira HDR a taƙaice. Ta biyu ita ce hoton kewaye, wato fanorama, inda hoto ɗaya ke nuna gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. Masu wannan sana'a suna da sha'awar tsofaffin gine-ginen da aka yi watsi da su, musamman gidajen yari.

A wannan maƙala zan yi sharhi ne a kan irin waɗannan hotuna da ake ɗauka a tsohon kurkukun Eastern State da ke birnin Filadelfiya a Amurka, domin yana cikin waɗanda aka fi ɗauka. Na duba da dama daga cikinsu a allon kwamfuta, na kuma gwada su da abin da tarihi ya tabbatar game da ginin. Abin da na fahimta shi ne: hotunan suna adana gini da kyau ƙwarai, amma suna ɓatar da ainihin abin da ya sa ake kiran wurin kurkuku.

Taƙaitaccen Tarihin Ginin

An buɗe wannan kurkuku a watan Oktoba na 1829, bisa zanen wani magini haifaffen Ingila mai suna John Haviland. Ya tsara shi kamar ƙafar keke: ɗaki guda a tsakiya, sai dogayen lunguna bakwai da suka miƙe daga gare shi, kowane lungu da ɗakunan fursunoni a jere dama da hagu. Ganuwar da ta kewaye shi ta kai ƙafa 30. An yi kiyasin gidajen yari kimanin 300 a duniya sun kwaikwayi wannan tsari.

Waɗanda suka kafa shi sun yi imani cewa idan aka kaɗaita mai laifi, aka hana shi gani ko jin kowa, zai yi nadama ya tuba. Saboda haka kowane fursuna aka ba shi ɗakinsa, mai faɗin kimanin ƙafa 8 da tsawon ƙafa 12, da 'yar taga guda a rufi. A ciki yake ci, a ciki yake kwana, a ciki yake sana'ar saƙa ko ɗinkin takalmi, na tsawon sa'a 23 a kullum. Idan za a fita da shi, sai a rufa masa ƙyalle a kai don kada ya ga fuskar wani ko ya gane hanya. A 1833 wani fursuna ya mutu bayan an ɗaura masa takunkumin ƙarfe a baki. Marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, ya ziyarci wurin a 1842, ya kuma rubuta cewa azabar da kaɗaici ke yi wa hankali ta fi ta dukan jiki muni. An soke tsarin kaɗaicin a hukumance a 1913, aka rufe gidan gaba ɗaya a 1971. Ya zauna kango fiye da shekara 20, rufi yana yoyo, itatuwa suna tsirowa a ciki, kafin a fara karɓar masu ziyara a kai a kai a 1994. Masu kula da shi sun zaɓi su bar mafi yawansa a matsayin kango, suna dai tallafe shi kada ya rushe.

Yadda Ake Haɗa Hoton

Kafin a yi wa abu hukunci ya kamata a san yadda ake yin sa. Matsalar mai ɗaukar hoto a cikin ɗakin fursuna ita ce, tagar rufi tana da tsananin haske, kusurwoyi kuwa baƙi ƙirin. Idan ya saita kyamara don tagar, ɗakin zai fito duhu. Idan ya saita don ɗakin, tagar za ta fito fari fat ba a ganin komai. Maganin da aka samo shi ne a kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, a ɗauki wuri ɗaya sau da yawa, kowane karo a bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci daban. Alal misali, a fara da kashi ɗaya cikin 60 na sakan, sai ɗaya cikin 15, sai rubu'in sakan, sai sakan 1, sai sakan 4. Kowane hoto ya ninka na bayansa haske sau huɗu. Daga nan manhajar kwamfuta ta tsinci inda ya fito sosai a kowane ɗaya, ta haɗa su.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yakan ɗauki sararin sama daban, teku daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. A 1997 wasu masana biyu a Amurka, Paul Debevec da Jitendra Malik, suka bayyana hanyar yin haka da lissafin kwamfuta, kuma a 2005 manhajar Photoshop ta shigar da ita cikin ayyukanta, ta zama ta kowa.

Shi kuwa hoton kewaye, ana juya kyamarar ne daki-daki a kan matsayi guda, kowane ɗauka yana hawa kan gefen na kusa da shi, sannan wata manhaja irin su PTGui ko Hugin ta ɗinke su. Idan an juya fuska shida, aka ƙara sama da ƙasa, an sami takwas ke nan. A kowace fuska hoto biyar, jimla 40. Ke nan abin da mai kallo ke ɗauka hoto ɗaya ne, hotuna 40 ne aka narkar. Mataki na ƙarshe shi ne a matse wannan tazarar haske mai yawa ta yadda allo ko takarda za su iya nunawa, kuma a nan ne hannun mai hoto da son ransa ke shiga.

Abin Yabo

Ba zan tauye wa aikin haƙƙinsa ba. Ga mai nazarin gini, hoton da aka yi da natsuwa taska ne. Ana ganin tsagewar bango, da yadda aka ɗaura bakan rufi, da inda ruwa ya bi, da ƙyauren ƙarfe da sakatarsa, duk a lokaci guda. Kango kullum cikin lalacewa yake, abin da aka gani bana ba lalle a same shi baɗi ba. Akwai zane-zanen bango da wani fursuna ya yi a ofishin limamin Katolika na gidan a 1955, kuma irin waɗannan abubuwa masu saurin ɓarewa su ne wannan dabara ta fi yi wa amfani. Haka kuma ɗalibin da ba zai taɓa taka Filadelfiya ba yana iya juya hoton da yatsa ya fahimci yadda lunguna suka fito daga tsakiya, fiye da yadda bayanin baki zai fahimtar da shi.

Har ila yau, masu kare dabarar suna da hujja idan suka ce idon mutum ya fi kyamara iya jure bambancin haske, kuma wanda ya daɗe a ɗaki mai duhu idonsa yakan saba. Gaskiya ne. Haɗa hotuna biyar cikin adalci na iya kusantar abin da ido ke gani. To amma mafi yawan hotunan da na gani sun wuce nan da nisa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Aibi na farko shi ne korar duhu. A hotunan da aka tsananta wa gyara, babu kusurwar da ba ta da haske. Tsatsa takan koma ja kamar gauta, gansakuka ta yi kore shar, gefen taga ya yi wani kewayen haske da babu shi a zahiri. A wannan gida kuwa an auna hasken da gangan. Taga ɗaya aka bari, a sama, inda fursuna ba zai ga komai ba sai ɗan yankin sararin samaniya. Ƙarancin abin gani yana cikin hukuncin. Wanda ya cika ɗakin da launi ya goge wani sashe na hukuncin daga tarihi.

Na biyu shi ne korar ƙunci. Babban mutum idan ya tsaya a tsakiyar ɗaki mai faɗin ƙafa 8 ya buɗe hannuwansa, saura kaɗan ya taɓa bango biyu. Amma idan aka ɗauki bango huɗu da rufi da daɓe aka shimfiɗa su a takarda, sai layukan da ke miƙe su lanƙwashe, ɗakin ya buɗe kamar zauren sarki. Na ga hoton da in ba an faɗa maka ba, sai ka ce mutum 20 za su zauna a ciki su yi fadanci. Yaron da aka nuna wa wannan a aji zai tashi da tunanin cewa fursunan yana cikin walwala.

Na uku ya shafi idon da ake aro wa mai kallo. Wani mai zane, Robert Barker, shi ya yi rajistar fasahar zanen kewaye a Birtaniya a 1787. A 1791 kuma aka buga tsarin Jeremy Bentham na kurkukun da mai gadi ɗaya zai zauna a tsakiya yana ganin kowa. Ginin Haviland bai bi tsarin Bentham sak ba, domin daga tsakiyarsa lunguna ake hange ban da cikin ɗakuna, amma tunanin ɗaya ne: mai iko ya tsaya wuri guda ya ga ko'ina. Hoton kewaye da aka ɗauka daga wannan tsakiya, idon gandiroba ne. Fursuna kuwa, wanda aka shigo da shi da ƙyalle a kai, bai taɓa ganin gidan haka ba ko da ya shekara goma a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a waɗannan hotuna ba a tambayi mai ɗakin ba.

Na huɗu shi ne rikita zamani. Fentin da ke ɓarewa, da filastar da ta zube, da saiwar itace a bango, su ne suka fi jan hankalin masu hoto, kuma dabarar tana ƙara fito da su. Amma duk waɗannan ba su kasance a lokacin da mutane ke ɗaure ba. A farkon zamaninsa bangon fari ne tas da farar ƙasa, akwai famfo da bayan gida a kowane ɗaki. Tsananin wurin a cikin tsabta da tsari da shiru yake. Saboda haka hoton yana ba da labarin shekaru 20 na watsi, ya bar shekaru 142 na ɗauri. Daɗin daɗawa, wuraren da aka fi ɗauka su ne wata jar kujerar aski da ɗakin Al Capone, ɗan ta'addar Shikago da ya yi kimanin wata takwas a gidan tsakanin 1929 da 1930. Kayan alatun da ke ɗakin nan ba na asali ba ne, an tsara su ne daga baya bisa rahotannin jaridu. Dubban talakawan da suka ƙare ƙuruciyarsu a sauran ɗakunan ba su da kujera ja da za a tuna da su.

Na biyar, dabarar ba ta son motsi. Duk wanda ya gitta yayin da ake ɗauka zai fito kamar inuwa, sai a sa manhaja ta share shi. Hatta ƙafafun sandar kyamarar akan goge su daga daɓe. Sakamakon haka shi ne wuri wayam, kyakkyawa, kamar ba a taɓa yin kuka a cikinsa ba. Irin wannan kyau shi Hausawa ke kira kyan ɗan maciji.

Abin da Ya Shafe Mu

Mu ma muna da tsofaffin gidajen yari na zamanin En'e, waɗanda gwamnatin tarayya ta karɓa a 1968, da soraye da zauruka masu kaurin bango da ƙananan tagogi. Wayoyin hannu na yanzu suna yin wannan haɗin haske da kansu ba tare da an umarce su ba, don haka duk hoton da matasanmu za su ɗauko daga irin waɗannan wurare ya riga ya sha gyara. Shawarata ga hukumomin adana tarihi da malaman makaranta ita ce kamar haka:

1. A ajiye hotunan asali duka, kada a wadatu da wanda aka haɗa.
2. A rubuta ranar ɗauka, da adadin hotunan da aka haɗa, da awon ɗakin a ƙarƙashin kowane hoto.
3. A sa sandar awo ko mutum a tsaye a cikin aƙalla hoto ɗaya, domin a gane girman wurin.
4. A jera hoton kewaye da hoto na yau da kullum da aka ɗauka daga inda fursuna ke kwanciya, a bar duhunsa yadda yake.
5. A nemi tsofaffin da suka zauna ko suka yi aiki a wurin, a naɗi bayaninsu tun suna raye.

Malami kuma, kafin ya nuna wa ɗalibai irin wannan hoto, yana iya zana ƙafa 8 da 12 da alli a daɓen aji, ya sa yaro ɗaya ya tsaya a ciki na minti biyar bai yi magana ba. Bayan nan sai a kalli hoton a tattauna.

Kammalawa

A taƙaice, hoton kewaye mai daidaita haske kayan aiki ne mai amfani wajen adana siffar gini, kuma ya cancanci a koye shi. Amma idan aka shiga da shi kurkuku, abubuwan da yake gyarawa, wato duhu da ƙunci da ƙarancin abin gani, su ne ainihin tarihin wurin. Su kansu masu kula da gidan na Filadelfiya ba su tsaya ga kyan kango ba: a 2014 sun kafa wani babban allon ƙarfe a filin gidan mai nuna yadda yawan fursunoni ya hauhawa a Amurka, domin mai ziyara ya tuna cewa maganar mutane ake yi. Duk wanda zai ɗauki hoton irin wannan wuri, ko ya koyar da shi, wajibi ne ya riƙe wannan amana.