Ɗan Kallo da Saninsa: Nazari a Kan Masu Sha'awar Silima a Unguwa Uku

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a bakin tashar Unguwa Uku, ko a majalisun dare na Gyadi-Gyadi da Tarauni, zai tarar da wani irin masani wanda ba a koyar da saninsa a makaranta. Watau ɗan kallo, mutumin da ba ya shirya fim, ba ya rubutu a kansa, yana dai kallo don jin daɗi, amma ya haddace sunayen 'yan wasa da dangantakarsu kamar yadda maroƙi ya ke haddace salsalar sarakuna. Malamai sun saba ɗaukar wannan sani tarkace. Abin dubawa shi ne ko hukuncin nan daidai ne.

Sanin nan yana da asali mai nisa. An buɗe silimar Rex a wajen ganuwar Kano a 1937, sa'an nan Palace a cikin birni a 1952. Tsakanin su biyu, ran 13 ga Mayu 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa kuwa suka ɗauki abin azaba ce a kan masu kallo. Saboda haka ɗan kallo ya tashi da tambarin ɗan iska, maganarsa ba ta shiga zauren malamai. Cikin wannan hali ne 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya, suka sami karɓuwa fiye da na Amurka da Ingila.

Ƙarfin ɗan kallo ya fi bayyana ga sunayen da ya laƙaba wa 'yan wasa. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya kawo uku cikin maƙalarsa ta 1997: Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra, Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt, da Mace ga Rishi Kapoor, don ya taɓa fitowa da shigar mata. Waɗannan sunaye kirari ne, kirari kuwa hukunci ne a taƙaice. Mutumin da ba ya jin Indiyanci ya lura da halin da ɗan wasa ya ke maimaitawa daga fim zuwa fim, ya ɗaure shi cikin kalma biyu ko uku. Wannan aikin mai nazari ne, ko da ya ke da baka aka yi shi. Haka kuma in ya ce Sunil Dutt, wanda ya fito ɗan Nargis cikin Mother India na 1957, shi ya aure ta a 1958, suka haifi Sanjay, yana auna ɗan wasa ne da ma'aunin Bahaushe, watau asali da gida.

Amma fa akwai rauni, bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗan kallo ya san fuska, bai san hannun da ya tsara ta ba. Zai kawo labarin Sholay na 1975 daga farko har ƙarshe, da muguntar Gabbar Singh, amma da wuya ya ambaci Ramesh Sippy da ya ba da umarni. Ma'auninsa waƙa ce da faɗa, ginin labari kuwa ya zo daga baya. Raunin nan bai tsaya a teburin shayi ba. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Hausa, waɗanda da yawansu suka kafa ofisoshi a Titin Gidan Zu, kusa da Gyadi-Gyadi, sun bi abin da mai saye ya ke so, waƙa da rawa suka rinjayi labari. Wannan yana cikin abubuwan da suka jawo ƙorafin da ya kai ga kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Ashe son zuciyar ɗan kallo yana da hannu cikin kamannin da fim ɗin Hausa ya ɗauka.

Hukuncin malamai, ke nan, ya yi tsanani. Sanin ɗan kallo bai cika ba, amma shaida ce ta yadda Bahaushe ya karɓi baƙon abu ya sa masa suna da harshensa. Shaidar kuwa tana gushewa, gama yaran da su ke kallon fassarar Indiya-Hausa a waya ba su bukatar ƙago ma'ana daga fuska da motsi kamar iyayensu, dattawan da suka yi zamanin Plaza da Orion da Marhaba kuwa suna ƙarewa. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su tura ɗalibansu majalisun Unguwa Uku su rubuta laƙabobin nan da dalilansu, kamar yadda a ke tattara karin magana da kirari, sa'an nan su koya musu tambayar da ɗan kallo bai saba yi ba: wa ya tsara labarin, don me kuma ya tsara shi haka.