Shekarar Gona a Idon Tsohon Doki: Sharhi a kan Littattafai Uku

Gabatarwa

Sanya magana a bakin dabba ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Tun muna yara muke jin gizo da ƙoƙi da kura suna muhawara a tatsuniya, kuma duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san cewa aku ne ya riƙe ragamar labaran. Sai dai akwai bambanci tsakanin dabbar da aka ara wa bakin mutum don ta yi wa'azi, da dabbar da marubuci ya shiga cikin fatarta ya dubi duniya da idonta. Ta farkon tana da sauƙin rubutawa, ta biyun kuwa ita ce take kayar da masu koyon rubutu da yawa.

A wannan taƙaitaccen sharhi za mu dubi yadda marubuta uku na ƙasashen waje suka yi amfani da tsohon doki da kuma juyawar lokutan shekara a karkara. Littattafan su ne Black Beauty na Anna Sewell (1877), da Kholstomer na Leo Tolstoy (1886), da Animal Farm na George Orwell (1945), wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara da sunan Gandun Dabbobi a 1975. Tambayar da za mu yi wa kowannensu guda ce: shin shekarar ta ratsa jikin dokin, ko kuwa labule kawai aka rataya a bayansa?

Me Ya Sa Tsohon Doki?

Hausawa kan ce tsohon doki sai wayo. Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30, saboda haka wanda ya tsufa ya ga shuka da girbi sau da dama, ya san abin da zai biyo bayan kowane lokaci tun kafin ya zo. A Ingila ta zamanin Sewell doki ne ƙarfin gona. Shi ke jan garma wajen watan Maris, shi ke ɗauko ciyawar da aka yanka aka shanya a Yuni da Yuli, shi ke kai hatsi gida a Agusta da Satumba, sannan idan sanyi ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu ya koma cin abin da aka tara. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne tarakta ta karɓe masa wannan aiki gaba ɗaya.

A nan rikicin labarin yake. Shekara tana zagayowa ta dawo yadda take, amma dokin ba ya dawowa yadda yake. Garmar bana ita ce ta bara, ƙafar da ke janta ce ta ragu. Kuma duk lokacin da sanyi ya gabato, mai gona yakan yi lissafi a ransa ko aikin da dokin ya yi ya kai kuɗin ciyawar da zai ci. Marubucin da ya gane haka ba ya bukatar ƙirƙiro mugu ko ɓarawo, domin kalanda kaɗai ta ishe shi abokin gaba.

Black Beauty

An haifi Anna Sewell a 1820. Ta ji rauni a idon sawu tun tana yarinya, abin da ya sa ta dogara da keken doki tsawon rayuwarta, kuma ta rasu a 1878, 'yan watanni bayan fitowar littafinta tilo. Littafin yana da babi 49, kuma dokin ne da kansa yake ba da tarihinsa, tun daga makiyayar da ya tashi tare da uwarsa, zuwa gidan mai arziki a Birtwick, zuwa jan keken haya a titunan Landan, har ranar da ya faɗi saboda nauyin kaya.

Inda ya shafi maganarmu shi ne babi biyu na ƙarshe. An kai dokin kasuwa a rame, gwiwoyinsa da tabo, sai wani manomi mai suna Thoroughgood ya duba haƙoransa, ya ƙiyasta shekarunsa 13 ko 14, ya saye shi fam 5 saboda nacin jikansa Willie. Daga nan sai marubuciyar ta bar lokaci ya yi aikinsa. A cikin sanyi ƙafafunsa suka warke saboda hutu da abinci. A watan Maris aka gwada shi da ƙaramin keke. Da lokacin zafi ya zo aka kai shi gidan wasu mata uku, inda mai kula da barga, wato Joe Green, ya gane shi ta farin goshinsa da farar ƙafarsa guda. A ganinmu wannan shi ne wuri mafi kyau a littafin, domin kowane lokaci na shekara ya bar alama a jikin dokin, kuma ba a gaya wa mai karatu ya ji tausayi ba, shi da kansa yake ji.

Amma dole mu faɗi inda littafin ya gaza. Sewell ta rubuta shi ne don gyaran hali, musamman don yaƙar wata igiya da ake ɗaure kan doki da ita ya tsaya a ɗage don ado, ko da kuwa yana jan kaya a hawa. Manufar tana da kyau, amma sau da yawa takan danne labarin. Dokin yakan saurari doguwar hira a kan zaɓe ko shan giya ko hutun ranar Lahadi, ya kawo mana ita daki-daki kamar akawun kotu. A irin waɗannan wurare doki ya ɓace, malama ce take magana. Bugu da ƙari, wannan shekara ta farfaɗowa da muka yaba, shafuka kaɗan aka ba ta, alhali ita kaɗai ta isa littafi.

Kholstomer

Tolstoy ya fara wannan labari a 1863, ya ajiye shi, sai a 1886 ya fito. Tauraron wani tsohon dandaƙaƙƙen doki ne mai dabbare-dabbare a wata gonar kiwon dawaki a Rasha. An ba shi wannan suna ne saboda faɗin takunsa, kamar na mai awon yadi. Labarin ya buɗe da asuba, makiyayi Nester ya ɗaura masa sirdi zai kora garke zuwa fadama, matasan dawaki kuma suna tsokanarsa. Daga baya sai ya kwashe dare biyar yana ba su tarihinsa.

Abin koyi na farko shi ne yadda Tolstoy ya fara da jiki kafin tunani. Kafin dokin ya furta komai mun riga mun ga lanƙwasar ƙafafunsa, da ramukan da ke saman idanunsa, da yadda yake nuna kamar yana jin daɗin susar makiyayi don kawai a zauna lafiya. Na biyu shi ne amfani da rashin sanin dabba. Dokin ya kasa fahimtar dalilin da ya sa mutum zai kira abu nasa, alhali ba shi ke ciyar da shi ko kula da shi ba. Wannan ruɗewa tasa ta sa mai karatu ya dubi maganar mallaka kamar yau ya fara jinta. Manazarcin nan na Rasha, Viktor Shklovsky, ya kafa hujja da wannan wuri a maƙalarsa ta 1917, inda ya yi bayanin dabarar mayar da abin da aka saba da shi ya zama baƙo.

Ƙarshen labarin ba shi da sassauci. An yanka dokin a wani kwari, fatarsa ta yi amfani, kyarkeciya ta ciyar da 'ya'yanta da namansa, wani baƙauye ya kwashe ƙasusuwan. Tsohon ubangidansa Serpukhovskoy kuwa, wanda ya lalata masa ƙafafu wajen bin farkarsa da ta gudu, da ya mutu sai aka yi wa gawarsa ado aka binne, ba ta amfani kowa ba. Ta fuskar zurfin tunani wannan labari ya fi na Sewell nesa ba kusa ba. Amma ta fuskar tambayarmu, lokaci ɗaya kawai na shekara muka gani, wato lokacin ɗanyar ciyawa. Ba mu ga yadda wannan tsoho yake kwana a sanyin Rasha ba. Haka kuma akwai inda dokin ya zarce da falsafa har muka ji muryar Tolstoy ta fito fili.

Gandun Dabbobi

A nan doki ba shi ne mai ba da labari ba, amma a cikin littattafan uku babu wanda ya yi amfani da kalandar gona kamar wannan. Tawayen dabbobi ya faru a watan Yuni, kuma jarrabawarsu ta farko ita ce yankan ciyawa. Iskar Nuwamba ta rushe ginin injin da suka sha wahala a kansa. A Janairu abinci ya yi ƙaranci. Kowace shekara ayyukan su ne dai na bara, sai dai aiki yana ƙaruwa, rabo yana raguwa, kuma ta haka mai karatu yake auna zaluncin aladu ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Boxer, wanda fassarar Hausa ta kira Akawal, shi ne ma'aunin wannan lissafi. An yi wa dawaki alkawarin hutu da fansho idan sun kai shekara 12. Kofatonsa ya tsage, bai daina aiki ba. Saura wata guda ya huta sai ya faɗi yana jan dutse, aka sayar da shi ga mai yanka dawaki, aladu suka sayi akwatin giya. A babin ƙarshe kuma ta dusassun idanun tsohuwar goɗiya Clover muke kallon aladu sun koma kamar mutane. Ta san an canza wani abu a dokokin da ke jikin bango, amma ba ta iya karantawa da kanta. Raunin littafin a nan shi ne dawakin alamu ne na talakawa ma'aikata, ba a damu da su a matsayin dawaki ba. Mun san abin da aka yi wa Akawal, amma ba mu san ƙamshin da yake ji da asuba ba.

Darasi ga Masu Koyon Rubutu

Idan muka haɗa ukun za mu ga cewa Sewell ta ba dokin murya, Tolstoy ya ba shi ido, Orwell ya ba shi kalanda, amma babu wanda ya haɗa duka a shekara guda. Wannan fili yana nan ga mai sha'awa, sai dai da sharuɗɗa.

Na farko, a san dabbar. Doki yana ganin kusan duk kewayensa saboda idanunsa suna gefe, amma ba ya ganin abin da ke daf da goshinsa ko bayan wutsiyarsa. Ba ya bambance ja da kore yadda muke yi. Yakan yi gyangyaɗi a tsaye. Marubucin da ya sa dokinsa yana yaba jan rawanin ubangidansa ya tona wa kansa asiri.

Na biyu, kada dokin ya san abin da ba zai iya sani ba. Bai san sunan wata ba, bai san farashi ba. Ya san dai cewa an rage masa hatsi, kuma wani baƙo ya zo ya buɗe masa baki ya duba haƙora. Mai karatu zai gane sauran, kuma ganewar da ya yi da kansa ta fi wadda aka tauna aka ba shi.

Na uku, kada a kwaso gonar Ingila a dasa ta a nan. A ƙasar Hausa shanu ne suke huɗa, jaki ke kai taki da mangala ya dawo da dammuna, doki kuwa na hawa ne da sarauta. Tsohon dokin dagaci daga turke yake kallon shekara. Da bazara zafi da sharar gona, da damina ɗanyar ciyawa da cizon ƙuda, da kaka sabuwar harawa da dusa, da hunturu ƙura da ciwon gaɓoɓi. Hawan salla kuma yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka dokin da ya shekara 20 ya yi hawa cikin ruwa ya kuma yi cikin ƙura. Ranar da aka fito da kayan ado aka wuce shi aka ɗaura wa sabon doki, wannan ita ce ranar da ta yi daidai da faɗuwar Akawal, kuma ba sai an zubar da jini ba.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin irin wannan labari yana fitowa ne daga karon da ake yi tsakanin shekara mai dawowa da jiki mai tafiya. Inda marubutan nan uku suka bar wannan karo ya yi magana, rubutunsu ya tsaya da ƙafarsa har yau, inda kuma suka ture dokin suka hau mumbari, nan ne mai karatu yake fara ƙirga shafuka. Shawararmu ga duk wanda zai gwada ita ce ya ajiye alƙalami tukuna, ya nemi gidan da ake da tsohon doki, ya riƙa zuwa tun daga faɗuwar ruwan farko har a kai amfanin gona rumbu. Abin da ya gani a turken nan shi zai rubuta.