Littattafan Soyayya na Hausa: So, Kyau da Manufar Rubutu

Littattafan soyayya reshe ne na ƙagaggun labaran Hausa da ya bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Tun a 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, amma da tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka koma buga nasu da kuɗin aljihunsu. Littattafai ne ƙanana masu arha, ana fitar da su kashi-kashi. Guda ɗaya kan zagaye unguwa ta hanyar aro ko haya, daga ɗakin amarya zuwa na uwargida, har bangonsa ya yage.

Sunan soyayya kan ruɗi wanda bai karanta ba. A mafi yawansu so ƙofa ce kawai, abin da ke ciki shi ne tambayar wa ke da ikon zaɓa wa yarinya miji. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, 'yar masu kuɗi ce ta kafe a kan talaka, iyaye suka ce ba za ta saɓu ba. Balaraba Ramat Yakubu ta fi kowa zurfafawa. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ba budurwa ta sa a gaba ba, Rabi ce, uwar 'ya'ya tara da miji ya kora bayan ya yi amarya, ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. A nan ake ganin halin ɗan Adam tsirara: kishi, son zuciya, haƙurin da ya kai bango.

Wajen siffanta kyau ne salon ya fi rauni. Tauraruwar labari kusan kullum fara ce, doguwa, mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya, kamar duk a gida ɗaya aka haife su. Marubutan da suka ƙware kan bar wannan, su nuna kyau a kunya, iya magana da juriya.

Muhawarar manufa ta yi zafi a shekarun 1990. A cikin masana, Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su. A 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu a bainar jama'a bisa zargin ɓata tarbiyya. Marubutan kan amsa da cewa faɗakarwa suke yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wa'azin da ake liƙa wa labari a shafin ƙarshe ba shi ke taɓa mai karatu ba. Abin da ke taɓa matar aure shi ne ta ga damuwar da ba ta iya faɗa wa kowa an rubuta ta da harshenta. Yau yawancin sababbin labaran a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Wattpad, kuma mata ne suka fi yawa a masu rubutawa.