Taswirar Fallout 4 a Idon Ɗan Adjamé

Wasan Fallout 4, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2015, ya ɗora taswirarsa a kan birnin Boston na Amurka, shekara 210 bayan yaƙin nukiliyar da ya cinye duniya a 2077. Taswirar ta yi kyau, ban musa ba. Diamond City gari ne da aka gina cikin filin wasa na Fenway Park, katangar filin ta zama ganuwa, kasuwa a tsakiya. A kudu maso yamma kuwa akwai Glowing Sea, inda bom ɗin ya faɗa, ƙasa mai guba da shigarta sai da shiri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shara. Shekara 210, amma motoci na nan a kan titi sun yi tsatsa, ƙwarangwal na kwance inda mai shi ya faɗi, wani ma kusa da inda mutane ke kwana. Mu da muka san Adjamé mun san ƙarya ne. Ƙarfe ba ya mako a yashe: 'yan gwangwan za su kwashe, maƙera su mayar da shi murhu ko baro. Masu zanen sun so 'yan wasa su ga kufai, sai suka hana mazauna wurin hankalin da kowane talaka yake da shi.

Haka batun hanya. Kogin Charles ya ratsa taswirar, amma babu kwalekwalen haya ko ɗaya, alhali a Treichville, ga gadar Houphouët-Boigny ga ta De Gaulle, jiragen ruwa ba su fasa tsallakar da mutane ba. Babu tasha, babu abin da ya yi kama da gbaka. Ka danna Pip-Boy, ka tsinci kanka a can.

Wuri ɗaya ne na yarda da shi ɗari bisa ɗari: Bunker Hill. Zango ne sosai, irin na kakanninmu fataken goro. Ayari na sauka da shanunsu masu kai biyu, ana ciniki, ana biyan 'yan fashi kuɗin hanya don kaya su wuce lafiya. Nan kaɗai na ji kamar wanda ya zana wurin ya taɓa tambayar kansa daga ina gari yake samun abinci.