Tsokaci a Kan Sabunta Shafukan Labarai na Hausa: Misali Daga New Bell

Kafofin watsa labarai masu sashen Hausa, irin su BBC da ta fara shirin Hausa a 1957 da RFI da ta biyo baya a 2007, sun sha sauya fasalin shafukansu na intanet. Manufar ita ce sauƙaƙa wa mai karatu a wayar hannu: an rage tarkacen gefe, kanun labari da hoto suna zuwa a sama, rubutu kuma yana sauka a jere guda. Wannan gyara ya yi amfani, musamman ga mai sayen data kaɗan-kaɗan. Abin tambaya shi ne, wane mai karatu aka sa a gaba?

Bari a ɗauki Bahaushen New Bell a birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Unguwar ta samo asali ne daga tashin da Jamusawa suka yi wa mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri a wajajen 1914, daga baya ta zama mazaunin baƙi, cikinsu har da Hausawa fatake. Yaron da ya tashi a nan ko a Makèpè, galibi bokonsa da Faransanci ya yi shi, allonsa kuma da haruffan Larabci. Saboda haka hannunsa ya saba da "ch" a maimakon "sh", da "ou" a maimakon "u". Ko sunan ƙabilarsa "Haoussa" yake ganin an rubuta. Ke nan shafin labarai shi ne kusan malaminsa na ƙa'idojin rubutun Hausa.

A nan ne rauni yake. Har yau ana cin karo da labarin da ɓ da ɗ da ƙ suka rasa lanƙwasa, ko kuma suka fito da ita a sakin layi na farko suka ɓace a na biyu. Bakano yakan cike giɓin da kunnensa. Amma wanda yake koyo da ido, ta yaya zai bambance "kasa" da "ƙasa", ko "kafa" da "ƙafa"? Kanun da ya ce "an kori baki" sai an karanta shi sau biyu. Uzurin da aka riƙa bayarwa a da, wato kwamfuta ba ta da haruffan, ya daina aiki, domin tsarin Unicode ya tanade su duka. Abin da ya rage shi ne a zaɓi salon haruffan da ke nuna su, sannan edita ya tsare su. Taron Yamai na 1980 ma an yi shi ne don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, ko da yake Nijar tana rubuta "ƴa" inda Nijeriya ke rubuta "'ya".

Har ila yau akwai batun kalmomin aro. Mai karatun Duwala ya san jandarma da sefa, amma "ciyaman" da "kansila" baƙinsa ne, kuma da wuya ya sami shafin da ya tanadi ɗan gurbin bayyana su a gefen labari.