Java a Gonakin Agye

Kafin kwamfuta ta shiga yawancin gidajen Agye, Gazawa da Gidan Rumji na ƙasar Maraɗi, Java, harshen rubuta manhaja, ya riga ya shiga ta aljihu. Duk wanda ya riƙi salular Nokia mai madannai a shekarun baya, ya buɗe wasa ko Opera Mini, yana iya tuna ɗan kofin nan mai tururi da kan leƙo a fuskar wayar. Tambarin Java ke nan. Katunan layi da yawa da ake saka wa waya suna ɗauke da wani ƙaramin reshensa, Java Card, kuma shekara da shekaru da Java aka riƙa rubuta galibin manhajojin Android.

Asalinsa ne ya kawo shi nan. A 1991, a kamfanin Sun Microsystems na Amurka, James Gosling ɗan Kanada da abokan aikinsa Mike Sheridan da Patrick Naughton suka fara neman harshen da zai tafiyar da ƙananan kayan lantarki na gida. Sun fara kiransa Oak, daga baya ya fito da sunan Java a 1995, daidai lokacin da intanet ke buɗe ido. Matsalar da suka tunkara ita ce kowace na'ura da irin ƙwaƙwalwarta, abin da aka rubuta wa wannan ba ya aiki a waccan. Sai suka sa tsani a tsakiya. Ba a juya rubutun Java kai tsaye zuwa harshen na'ura. Ana mayar da shi wani matsakaicin tsari, baitkod, sannan wata manhaja da ake kira JVM ta karanta shi a duk inda aka girka ta. Haka rubutu ɗaya ke aiki a babbar kwamfutar banki da wadda ke kan teburin ɗalibi. JVM ɗin kuma ita ke share ma'adanar na'ura daga bayanan da aka gama da su, aikin da ke cin ran masu rubutu da harshen C++.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Java ke kallon duniya. Tsarin ba nasa ba ne na farko: Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ne suka shimfiɗa shi a Norway cikin harshen Simula a shekarun 1960. Mai rubutu yakan fara da zana aji, wato siffar wani nau'in abu: me yake ɗauke da shi, me yake iya yi. Daga ajin sai a riƙa fitar da abubuwa ɗaiɗai, kamar yadda mai buga bulo ke fitar da ɗari daga akwati guda. A ce ajin shi ne Gona. Za a ba ta girma, mai ita, abin da aka shuka, gero ne ko wake ko gyaɗa, da adadin gawon da ke tsaye a cikinta. Gonar fadama tana iya gadon duk siffofin Gona, ta ƙara nata, kamar rijiya da noman rani. Ana kuma iya kulle wasu bayanai a cikin ajin, ta yadda ba mai canza sunan mai gona sai ta ƙofar da aka tanada.

Wannan ba misalin allo kawai ba ne. Matasan da ƙungiyoyi ke aikawa ƙauyuka da waya ko tabilet suna tambayar magidanta, sau da yawa da manhajar ODK Collect ko KoboCollect suke aiki, kuma da Java aka fara gina su. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke kula da ita, wadda Nijar ke tattara alƙaluman asibitoci a cikinta, ita ma ƙashin bayanta Java ne. Yaron da aka auna wa dantse a wata likita ta karkara, lambarsa ta bi ta cikin ajin da wani ya zana.

To wa ya zana? A nan ne nake ganin gizo ke saƙa. Wanda bai taɓa zama a ƙasar Maraɗi ba zai ba Gona mai ita guda ɗaya, ya wuce. Alhali a nan akwai gandu, wanda gida ke nomawa tare a ƙarƙashin maigida, akwai gamana da ake yanka wa mace ko saurayi, akwai aro, akwai jingina, akwai gadon da ba a raba ba tukuna. Zai tambayi amfanin gona da kilo, manomi kuwa da dami da tiya yake lissafi. A Ɗan Saga da kewayenta, inda sassaben zamani ya mayar da itatuwa cikin gonaki, wanda ke da ikon saran reshe tambaya ce mai zaman kanta. Idan ajin bai bar wa gamana gurbi ba, matar da ke nomanta ta ɓace daga rahoto, kuma ranar rabon iri ko taki ba za a kira sunanta ba. Java mai tsauri ne, ba ya karɓar abin da ba a ayyana masa ba. Tsaurin nan yana kama kurakurai tun kafin manhaja ta fita, shi ya sa bankuna suka amince da shi, amma yana kuma daskarar da rashin sanin wanda ya yi zanen.

Harshen yana da nasa nauyin. Yana da yawan magana, abin da harshen Python zai faɗa a layi ɗaya shi sai ya jera da dama, kalmomin umarninsa kuma na Turancin Ingilishi ne, ƙarin nauyi ga ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci. Kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, ya yi ta shari'a da Google a kan amfani da Java a Android har Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya a 2021. Tun 2019 kuma Google ya fifita harshen Kotlin wajen rubuta manhajojin Android, ko da yake Kotlin ɗin a kan tubalin Java yake zaune. Kayan aikin dai kyauta ne, tunda an sake su ga kowa da sunan OpenJDK. Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ta taso tana cire ciyawa a gamanar uwarta a Gazawa ba ta bukatar kowa ya gaya mata cewa Gona tana iya samun masu haƙƙi uku. Abin da take bukata kwamfuta ce, da wutar da ba ta yankewa, da malamin da zai zauna da ita har ajinta na farko ya yi aiki.