Gwanayen da ke Shata wa Saƙo Hanya

Ɗan Adar da ke cin rani a Abijan yakan aiko wa mahaifiyarsa saƙon murya, kafin ya mayar da waya aljihu saƙon ya sauka Keita. Tsohuwa ta saurara, ta yi hamdala don yau akwai rezo. Amma muryar nan ba a dunƙule ta zo ba. An yayyanka ta ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da lambar inda za shi, ya ratsa na'urori masu yawa da ake kira rauta. Aikin rauta ɗaya ne: ta dubi lamba, ta duba jadawalinta, ta miƙa ƙullin ga ta gaba. Mutumin da ke tsara wa na'urorin nan yadda za su yanke shawara, shi ne gwanin da nake jinjina wa.

Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka galibin intanet ɗinmu sai ya ratso ƙasashen maƙwabta ta zaren gilashi, daga inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, kamar Kwatano da Legas. Kafin ya biyo hanyar Ƙonni ya iso Tawa, ya shiga hannun kamfanoni da dama, kowanne da gidansa da dokarsa.

A cikin gida ɗaya, misali cikin Niger Telecom ko Airtel, rautoci kan yi amfani da tsari irin na OSPF: kowace ta san taswirar gidan, ta lissafa hanya mafi sauƙi. Da an zo ƙetare iyaka zuwa wani kamfani, sai magana ta koma hannun BGP, wanda Kirk Lougheed da Yakov Rekhter suka zana a 1989. A nan gajartar hanya ba ita kaɗai ake dubawa ba. Akwai kuɗi, akwai yarjejeniya, akwai amana. Kowane kamfani na da lambarsa, wadda a Afirka hukumar AFRINIC ke bayarwa, yana kuma shelanta wa maƙwabta wuraren da zai iya kai kaya. Injiniya ne ke rubuta wace shela za a karɓa, wace za a ƙi, wace hanya za a fifita, wace za a ajiye don ranar wuya. Aikin madugu ke nan, wanda tun kafin ayari ya tashi ya san rijiya ta biyu idan ta farko ta ƙafe.

Ranar wuyar kuwa tana zuwa. A 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa suka shiga duhu. Waɗanda suka tanadi wata mafita tun da wuri su suka fara farfaɗowa. Sakaci ma kan yi irin wannan ɓarna: a Nuwamba 2018 kuskuren shela daga kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da saƙonnin Google suka bi ta Sin da Rasha fiye da awa ɗaya. Shi ya sa gwani ba ya taɓa rauta mai aiki sai ya rubuta yadda zai janye in abu ya ɓaci, kuma yakan jira tsakar dare, lokacin da jama'a ke barci.

Abin da ke faranta mini rai shi ne koyon wannan sana'a ba ya buƙatar ɗaki cike da na'urori masu tsada. Da manhajar GNS3, wadda kyauta ce, ɗalibi a Tawa zai iya ƙera rautoci cikin kwamfutarsa, ya sa wa wannan suna Ƙonni, waccan Abalak, waccan Agadas, ya haɗa su. Sannan ya tsinke layi ɗaya da gangan, ya zuba ido ya ga ko saƙo zai sami wata hanya. In bai samu ba, sai ya bi jadawali layi-layi har ya gano rautar da ta ƙi shelar maƙwabciyarta, da dalilinta na ƙi.